Darasi na 14: Sauya Esin Shago da Wanda ya Fi Girma

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. gane dalilin da ke sa esi ya kasa sanyaya shago ko ɗaki;
2. lissafa girman esin da ya dace da wurinsa;
3. sanin abin da babban esi ke buƙata na waya, janareto ko sola;
4. sa ido a kan mai haɗawa ranar da za a yi aikin.

Gabatarwa

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana a Gusau da kewayenta yakan kai digiri 40, wani lokaci ya haura. Mazauna Magami, a kan hanyar Gusau zuwa Ɗansadau, sun san wannan bazara, haka mutanen Tsafe da na Bunguɗu. Wanda ke kwana a soron ƙasa mai rufin azara yana samun sauƙi, domin katangar ƙasa ba ta barin zafi ya ratsa ta da wuri. Amma sana'o'in yau da yawa a cikin ƙarfe ake yin su. Mai kemis, mai POS, mai aski, mai cajin waya da mai buga takardu a kwamfuta, da yawansu kwantena suka saya ko suka sa mai walda ya haɗa musu shago da falankin ƙarfe da kwano. Da azahar irin wannan shago ba ya zaunuwa.

Mai ɗan hali yakan sa na'urar sanyaya ɗaki, wato esi. Sau da yawa ƙarami ake fara saye, mai hos 1. Bazara na zuwa sai a ga ya kasa, mai shago kuma ya yanke shawarar sayen babba. Wannan shawara tana iya zama daidai, tana kuma iya zama asarar kuɗi. Esi ba shi kaɗai yake aiki ba. Yana dogara ne da ginin da aka sa shi, da wayar da ke kai masa wuta, da inda wutar take fitowa, da hannun wanda ya haɗa shi. Duk wanda ya ƙara girman esi bai duba waɗannan huɗu ba, ya sayi matsala da kuɗinsa.

1. Yadda esi yake aiki

Aikin esi shi ne kwashe zafin da ke cikin ɗaki ya fitar da shi waje. Akwai iskar gas da ke zagayawa a cikin bututun jan ƙarfe. Idan ta zo ɓangaren da ke cikin ɗaki sai ta shanye zafi, idan ta koma ɓangaren da ke waje sai ta sake shi. Injin da ke matsa gas ɗin yana tura shi shi ne kwamfreso, kuma shi ne ke cin mafi yawan wuta. Shi ya sa idan ka tsaya a gaban ɓangaren waje za ka ji iska mai zafi tana bugun ka. Zafin shagon ne yake fita.

Esi yana kuma tatse laimar da ke cikin iska. Ruwan da ke ɗiga ta ƙaramin tiyo a bayan shago daga nan yake fitowa. A gaskiya saboda laima aka fara ƙera na'urar. A shekarar 1902 wani injiniya ɗan Amurka mai suna Willis Carrier ya tsara ta domin wata maɗaba'a a birnin New York, inda laima ke sa takarda ta kumbura launin bugu ya goce.

2. Kafin ka ce ya yi ƙarami

Zuba sanyi a kwantenar da ba ta da kariya daga rana kamar zuba ruwa ne a randa mai yoyo: ƙara girman guga ba zai cika ta ba. Saboda haka a fara duba waɗannan abubuwa.

Ƙura. A lokacin hunturu ƙura takan toshe ragar da ke tace iska a ɓangaren ciki, ta kuma like a jikin ɓangaren waje. Buɗe murfin gaba, zare ragar, ka ɗaga ta wajen haske. Idan ba ka hango haske ta cikinta ba, ta toshe. A wanke ta da ruwa, a shanya a inuwa, a mayar. A shagon da ke bakin titi, a riƙa yin haka duk mako biyu.

Yoyon gas. Gas ba ya ƙarewa don an daɗe ana aiki da esi. Idan ya ragu, to akwai inda yake tsiyaya. Alamarsa ita ce ƙanƙara a jikin siririn bututu, ko maiƙo a mahaɗar bututu. Wanda ya ƙara maka gas bai toshe ramin ba, zai dawo ya sake karɓar kuɗinka.

Raunin wuta. Wutar gidaje a Nijeriya bolt 230 ce. Idan ta yi ƙasa sosai, fanka za ta juya amma kwamfreso ba zai tashi ba, sai ya yi gurnani ya tsaya.

Rana da kafofi. Taɓa silin ko bangon shagon da misalin ƙarfe 2 na rana. Idan ba ka iya barin tafin hannunka a kai ba, to ginin ne matsalar. Magani shi ne a yi wa kwantena rumfa ta kwano ko ta zana, a bar tazarar da iska za ta ratsa tsakanin rumfar da rufin. A shafa farin fenti a waje, domin fari yana mayar da hasken rana. A yi silin da bangon katako ko na roba daga ciki, a cusa soso ko wani abin hana zafi tsakaninsa da ƙarfen. A toshe ƙarƙashin ƙofa, a sa labule mai kauri a tagar da ke kallon yamma. Wanda zai kafa sabon shago, in ya sami inuwar dogon yaro ya rage wa kansa rabin aiki.

Idan an yi duk wannan, esi yana da lafiya, yana ta aiki ba hutawa amma shagon bai yi sanyi ba, to yanzu ne za a ce ya yi ƙarami.

3. Lissafin girman da ya dace

A kasuwa ana kiran girman esi da hos, amma ma'aunin da ya fi nuna ƙarfin sanyinsa shi ne BTU, kuma yana rubuce a takardar da ke manne a gefensa. Ga yadda suke tafiya a mafi yawan kamfanoni:

Hos 1: BTU 9,000, yana cin wat 800 zuwa 900
Hos 1.5: BTU 12,000, yana cin wat 1,100 zuwa 1,200
Hos 2: BTU 18,000, yana cin wat 1,600 zuwa 1,800

Ga hanya mai sauƙi ta ƙiyasi, ga ɗaki mai silin ko kwantenar da aka riga aka yi wa rumfa da bangon ciki:

(a) Auna tsawo da faɗi da mita, ka ninka su. Abin da ya fito ka ninka shi da 600.
(b) Idan mutanen da ke zama a ciki sun wuce biyu, ƙara 600 a kan kowane mutum ɗaya da ya ƙaru.
(c) Haɗa wat na kayan wutar da ke ciki, kamar firji, kwamfuta da ƙwayaye, ka ninka da 3.4, domin duk wutar da suka ci zafi take komawa.
(d) Idan rana na bugun wurin ko ana yawan buɗe ƙofa, ƙara kashi ɗaya cikin goma.

Misali: a ɗauka wani mai kemis a Magami yana da kwantena mai ƙafa 20. Cikinta ya kusa mita 6 a tsawo, faɗi kuma mita 2 da ɗan ɗori, wato fili kimanin murabba'in mita 14. Magunguna da yawa an rubuta a kwalinsu cewa a ajiye su a wurin da zafinsa bai kai digiri 30 ba, don haka sanyi a wurinsa ba jin daɗi ba ne kawai, kare lafiyar masu saye ne.

Fili: 14 × 600 = 8,400
Mutum huɗu, wato ƙarin biyu: 2 × 600 = 1,200
Firji da sauran kaya, wat 300: 300 × 3.4 = 1,020
Jimla: 10,620
Ƙarin kashi ɗaya cikin goma: 1,062
Jimla ta ƙarshe: 11,682

Mai hos 1 da yake da shi, mai BTU 9,000, lallai ya gaza. Wanda ya dace shi ne mai hos 1.5, mai 12,000.

Me zai hana ya sayi mai hos 2 ya huta gaba ɗaya? Esin da ya fi ƙarfin ɗaki yakan sanyaya iska cikin 'yan mintoci ya kashe kansa, ba da jimawa ba ya sake tashi. Wannan tashi da tsayawa yana gajiyar da kwamfreso, yana kuma wahalar da janareto. Sannan da damina ba ya daɗewa yana aiki balle ya tatse laima, sai shago ya yi sanyi amma jiki na danƙo, kwalayen magani su yi laushi. Ga tsadar saye, ga tsadar riƙewa.

4. Waya da kariya

Don sanin nauyin da waya za ta ɗauka, raba wat da bolt, abin da ya fito shi ne amfiya. Mai wat 900 yana jan kusan amfiya 4. Mai wat 1,200 yana jan 5 da 'yan kai. Mai wat 1,800 yana jan kusan 8. Amma wannan bayan ya daidaita ke nan. A daidai lokacin tashi, kwamfreso irin na da yakan fizgi ninki uku zuwa biyar na wannan, ko fiye, na ɗan ƙiftawar ido. Shi ne kake ganin ƙwan lantarki ya dushe sannan ya dawo.

Saboda haka:

A ja wa esi wayarsa shi kaɗai tun daga akwatin rarraba wuta. Waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ta wadatar har zuwa hos 2 idan tafiyar ba ta da nisa. Idan da nisa, a sa mai 4. Mai 1.5 ta ƙwayaye ce da fanka.

A tabbatar wayar ta jan ƙarfe ce zalla. Akwai wadda ake yi da goran ruwa a shafe ta da launin jan ƙarfe. Kankare bakinta da wuƙa: idan fari ya bayyana, a bar ta. Araha ba ta ado, kuma siririyar waya ko ta jabu tana iya haddasa gobarar shago.

Kada a soka esi a doguwar soket ɗin ƙasa da ake cajin waya. A sa masa makunni nasa mai amfiya 20, da bireka da za ta yanke wuta idan nauyi ya yi yawa.

A sa wayar ƙasa, wadda masu aikin wuta ke kira atin. Kwantena ƙarfe ce gaba ɗaya. Idan waya ta ɓare ta taɓa jikinta, duk wanda ya dafa ƙofa yana cikin haɗari, har yaron da aka aiko sayen magani. A kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa, a haɗa ta da jikin kwantenar da na esin. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba.

5. Ina wutar za ta fito?

Wutar Nefa. Kamfanin rarraba wuta na Kaduna shi ke ba jihohin Kaduna, Zamfara, Sakkwato da Kebbi wuta. Inda wutar ke yawan rauni, a sa sitabilaiza da ta fi ƙarfin esin. Idan an ɗauke wuta aka dawo da ita, a jira minti uku kafin a kunna, domin matsin gas ya daidaita. Bambancin wat 300 tsakanin hos 1 da hos 1.5, idan ana aiki awa 6 kullum, ya kai yunit 54 a wata. Mai mita ya lissafa kuɗin tun kafin ya saya.

Janareto. Ƙaramin nan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai ƙarfinsa bai wuce wat 650 zuwa 800 ba, ba zai ɗauki ko hos 1 irin na da ba. Mai hos 1.5 irin na da yana son janareto mai kimanin kVA 3.5, saboda fizgar tashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mai ya zama babban abin dubawa ga duk mai shago. Sannan a kiyaye wannan da kyau: kada a taɓa kunna janareto a cikin shago, ko a bakin ƙofa, ko kusa da taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari marar launi, kuma shagon da aka toshe kafofinsa saboda esi ya fi saurin tara ta. Tana kashe mutum yana barci.

Sola. Mai wat 1,200 a awa 6 yana iya cin wat-awa 7,200. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da 2,400, kuma idan irin mai ruwa ne rabin wannan kawai ya kamata a sha don ya yi ƙarko. Ke nan batir ɗaya awa ɗaya zai riƙe esin. Faranti mai wat 400 yakan ba da kimanin 1,600 a yini mai kyakkyawar rana, wato ana buƙatar faranti biyar. Dabara ita ce a yi aiki da esi da rana tsaka lokacin da faranti ke kawo wuta, da dare a koma fanka.

Akwai sabon samfuri da ake kira esi mai inbata. Kwamfresonsa yana tashi a hankali ba fizga, idan ɗaki ya yi sanyi kuma sai ya rage gudu maimakon ya tsaya. Ya fi tsada, kuma gyaran allon lantarkinsa sai ƙwararre, amma ga mai janareto ko sola shi ya fi dacewa.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan lissafi ba. A Amurka akwai ƙananan gidaje masu taya da ake ja da mota zuwa yawon buɗe ido, esinsu a kan rufi yake. Masu su sukan cire mai BTU 13,500 su sa mai 15,000. Ramin rufin yawanci ɗaya ne, kimanin inci 14 kowane gefe, don haka sabon yana zama daram. Amma da yawansu wutar da ke shiga gidan amfiya 30 ce a bolt 120, wato wat 3,600 gaba ɗaya, dole mai gidan ya lissafa abin da zai rage wa sauran kayansa.

6. Ranar haɗawa

Daga Gusau ake kawo yawancin kayan, kuma mai gyara ba zai riƙa zirga-zirga zuwa Magami kullum ba. Gara a yi aikin sau ɗaya da kyau. Ga irin tattaunawar da ta kamata:

Mai shago: Malam, ga tsohon bututu nan, a mayar da shi mana a rage kashe kuɗi.

Mai haɗawa: Alhaji, bari in duba takardar sabon. Tsohon naka gas ɗinsa R22 ne, wannan kuwa R32. Matsinsu ba ɗaya ba ne, man da ke cikinsu ma daban. Ga shi faɗin bututun bai kai ba. Sai dai sabo.

Mai shago: To, ba za ka ɗan saki gas ya kore iskar ciki ba, kamar yadda wasu ke yi?

Mai haɗawa: A'a, ranka ya daɗe. Na zo da injin zuƙe iska. Idan iska da laima suka rage a bututu, kwamfreso ba zai yi ƙarko ba.

Mai shago: Madalla. Yi yadda ya dace, Allah ya yi albarka.

Gas ɗin R22 ana kan daina amfani da shi a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda Nijeriya ke ciki, saboda yana lalata rufin sararin sama da ke tare mugun hasken rana. Mai sayen esi na hannu ya duba wannan. Sababbi suna zuwa da R410A ko R32. Ba a gauraya su, kuma R32 yana iya kama wuta, don haka ba a yin walda ko shan taba kusa da shi.

Sauran abubuwan da za ka sa wa ido:

Kafin a cire tsohon, a tara gas ɗinsa a ɓangaren waje a rufe bawul. Haka zai sayu da daraja, ko ka mayar da shi wani ƙaramin ɗaki.

Ɓangaren waje na babban esi ya fi nauyi. Bangon kwantena siriri ne, gara a yi masa teburin ƙarfe a ƙasa, a ɗaga shi daga ruwan damina, a inuwa, inda iska ke wucewa. Idan za a yi masa keji saboda ɓarayi ko awaki, ya zama na sanduna masu tazara.

Idan irin na taga ne, za a faɗaɗa ramin. A sa mai walda ya zagaye shi da firam na ƙarfe, a ɗan karkata esin waje don ruwa ya zuba can, a toshe gefensa da soso.

A naɗe bututun biyu da sosonsu har ƙarshe. Tiyon ruwa ya gangara ƙasa ba lanƙwasa.

A shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa. In ta yi ƙwai, akwai yoyo.

A bar shi ya yi aiki rabin awa kafin a sallami mai haɗawa. Taɓa makunni da waya: ɗumi kaɗan ba laifi, zafi kuwa alamar haɗari ce. Karɓi rasit da takardar garanti ka adana.

Bayan haka a riƙa ajiye shi a digiri 24 zuwa 26. Sauke shi zuwa 16 ba ya sa ɗaki ya yi sanyi da sauri, yana dai hana kwamfreso hutawa.

Taƙaitawa

A fara da wanke esi da gyara shago. A auna, a lissafa, a sayi wanda ya yi daidai. A tabbatar waya, bireka, atin da tushen wuta za su ɗauke shi. A ba ƙwararre haɗawa, a tsaya a kansa har ya gama.

Tambayoyi

1. Kawo abubuwa uku da ke hana esi sanyi ko da girmansa ya isa.
2. Wace illa esin da ya fi ƙarfin ɗaki yake yi da damina?
3. Shagon aski yana da tsawon mita 5 da faɗin mita 4, mutum biyar ke zama, kayan wutarsa wat 200, kuma yana kallon yamma. Lissafa BTU ɗin da yake buƙata, ka faɗi hos nawa za a saya.
4. Esi mai wat 1,150 amfiya nawa yake ja a bolt 230?
5. Me ya sa atin ya zama dole a shagon kwantena?
6. Me ya sa ba a kunna janareto a bakin ƙofar shago?

Aikin yi

Ku kasu gida uku. Kowane rukuni ya nemi izinin wani mai shago ko ofis da ke da esi, ya auna wurin, ya kwafo BTU da wat da irin gas daga takardar jikin na'urar, ya duba ko akwai rumfa, silin da atin. A zama na gaba kowane rukuni zai karanta lissafinsa a gaban aji, ya faɗi shawarar da zai ba mai wurin da dalilinsa.